Tsallaken Gada: Kudancin Kogin Kaduna Daga Tashar Jirgi Zuwa Tukubar Mai Tsire



Wata ƙanwarmu ce ta turo mini gajeren labari in duba mata. Ango da amarya sun tafi hutun kwana uku ƙasar Sifaniya, da rana su zaga gari, da dare su bi gidajen tapas. Hausarta ba laifi, hirar masoyan ma ta yi daɗi. Amma da na tambaye ta me suka ci a wuraren nan, wa ya kawo musu, a tsaye suka ci ko a zaune, sai ta yi dariya ta ce, "Anti, wallahi ni ma a intanet na gani." Na ce ke a ina kike zaune? Ta ce Kaduna. Na ce yaushe rabonki da Kakuri ko Barnawa? Ta ce ita ba ta tsallaka gada sai in Abuja za su, shi ma gilashin mota a rufe.

Ban ga laifinta ba. Littattafanmu sun kai amare Dubai da Istanbul da Landan har mun gaji, amma ku tuna littafi nawa kuka karanta da aka kai miji da mata tsallaken kogin Kaduna suka ci wani abu suka dawo. Ni kaina sai bara na taka wurin da ƙafata, da maigidana ya ce mu je mu yi dare biyu ya nuna mini inda ya tashi. Abin da na gani da abin da na bincika bayan mun dawo shi ne zan ba ku yau.

Bari mu fara sallamar tapas ɗin. Ba sunan abinci ɗaya ba ne. 'Yan ƙananan faranti ne da ake ajiye wa mutum kusa da abin shansa: zaitun kaɗan, yankan cuku, soyayyen dankali da miya mai yaji, wainar ƙwai, ƙananan kifaye. Kalmar tapa a harshensu murfi take nufi, kuma labarin da aka fi bayarwa shi ne masu shaguna a kudancin ƙasar kan rufe bakin kofi da yankan burodi ko na nama don kada ƙuda ya faɗa. Ba a zama wuri guda a ƙoshi. A ci loma biyu a nan, sau da yawa a tsaye, a matsa shago na gaba. A Granada, wadda littattafan tarihi ke kira Garnaɗa, inda mulkin Musulmin Andalus ya ƙare a 1492, har yau in ka sayi abin sha akan ba ka ɗan faranti kyauta, kamar gyara irin tamu. Suna da wani nama a tsinke da suke jingina sunansa ga Musulmin Magrib, wanda ake cuɗawa da kayan ƙamshi a gasa. Tsire ke nan ba wani abu ba, sai dai yau da naman alade aka fi yin sa. Su kansu gidajen tapas ɗin gidajen giya ne. Amaryar ƙanwarmu mai hijabi da ta shiga tana ta murmushi, da gaske ne da sai ta yi tambaya kafin ta kai loma baki, kuma wannan tambayar ita ce labarin da ba a rubuta ba.

To mu dawo gida. Da farko a gyara suna, don marubuta na yawan cakuɗa abu uku. Akwai Kudancin Kaduna, wato su Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Kwoi, masu nisa da birni. Akwai ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, wadda ta haɗa har da Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badikko, alhali su a arewacin kogi suke. Sannan akwai abin da nake magana a kai: rabin birnin da ke kudu da ruwa, su Kakuri, Maƙera, Barnawa, Nasarawa, Television, Narayi, Sabon Tasha, har zuwa Gonin Gora. Wasunsu a Kaduna ta Kudu suke, wasu a Chikun.

Ƙasar Gbagyi ce tun asali, waɗanda Bahaushe ke ce wa Gwari, shi ya sa har yau akwai Kurmin Gwari, akwai kuma mazaɓar Kakuri Gwari kusa da ta Kakuri Hausa. Birni kuwa jirgin ƙasa ne ya riga shi zuwa. Layin dogon da aka taso da shi daga Baro ya ƙetare kogin nan ya isa Kano a 1911. A 1913 Gwamna Lugga ya soma kwaso sojoji daga Zungeru, a 1917 hedikwatar Arewa ta dawo Kaduna. Turawa suka kafa gidan gwamna da ofisoshi da bariki da filin sukuwa a arewacin kogi. Babbar tashar jirgi kuwa, Kaduna Junction, a kudu take. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan ya zo ya haɗu da na Ikko a nan. Daga ranar duk wanda ya taso daga bakin teku zai Zariya ko Kano a jirgi, ko daga gabas ko daga yamma, sai ya ratsa ta wannan tasha.

Nan muka fara zuwa da safen farko. Ginin na nan, layukan dogo na nan sun yi ta rassa cikin ciyawa, ga tsofaffin taragu, ga gidajen ma'aikatan reluwe masu rufin kwano. Jirgin Abuja da aka buɗe a 2016 ba nan yake tsayawa ba, Rigasa yake zuwa. Malam ya tsaya yana nuna mini inda 'yan talla ke rugawa in jirgi ya tsaya, da tiren dafaffen ƙwai da rake da gyaɗa da ƙosai, ana miƙawa ta taga ana karɓar kuɗi ta taga. Abincin matafiyi dole ya zama ƙarami, mai shiga hannu ɗaya, wanda ba ya buƙatar a san mai shi kafin a saya. A ganina nan ne asalin ciye-ciyen kudancin kogi. Arewa ta samu mulki da ofis, kudu ta samu baƙi masu yunwa.

Amma abin da ya mai da wurin gari shi ne masaƙa. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa Kaduna Textiles a Kakuri, ta fara aiki a 1957. Dalilin zaɓen wurin a fili yake: ga ruwan kogi, ga layin dogo, ga auduga na sauka daga ƙasar Zazzau da Funtuwa da Gusau. Akoko aka fara saƙawa. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex, ga Arewa Textiles da Japanawa, ga United Nigerian Textiles da attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa a 1964, mai buga atamfa. Kamfanin giya na Nigerian Breweries ya buɗe reshensa a Kakuri a 1963, masana'antar makamai ta DICON ta zo a 1964, Peugeot, wadda muke kira Fijo, ta soma haɗa motoci a 1975, matatar mai ta kan hanyar Kachia ta biyo baya a 1980. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, dajin Gbagyi ya zama cibiyar masana'antun Arewa.

Su wa suka zo aikin? Kowa da kowa. Katafawa da Bajju da Jaba da Kagoro daga kudancin jihar, Tibi da Idoma da Igala daga Binuwai, mutanen Filato, Nufawa, Yarabawa, Ibo, Hausawa da Fulani da Barebari. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999 ya kuma yi gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki yana saurayi, daga nan ya kai babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982. Duk taron nan harshe ɗaya ya haɗa su, shi ne Hausa, amma Hausa ce da ta sauke wasu kaya. Ku dubi sunayen unguwannin. Da Bakano ne ya raɗa, da Sabuwar Tasha za a ce, ba Sabon Tasha ba, da Unguwar Boro za a rubuta, ba Ungwan Boro ba. Jinsin mace ya faɗi a hanya. Wannan ba kuskure ba ne da marubuci zai gyara, shaidar tarihi ce. In kin sa tsohuwar Narayi tana magana da Hausar Fagge, kin yi mata ƙarya.

Yanzu ga inda abinci ya shigo. Injin saƙa ba ya barci, don haka aiki kashi uku ne a yini da dare. Mahaifin Malam a masaƙa ya yi aiki, kuma abin da ɗansa ya fi tunawa shi ne jiniyar tashi, da kekuna da ke fitowa daga ƙofar kamfani kamar fari. Mutumin da ya tashi aiki ƙarfe 10 na dare, yawanci gwauro ne a ɗakin haya, ko mai iyalin da ya bar su a ƙauye. Ba mai ajiye masa tuwo. Yana da albashin wata, abin da manomi bai sani ba, yana kuma da yunwa a lokacin da duk gari ya kwanta. Su ne suka rayar da mai shayi da teburinsa, da mai tsire da tukubarsa, da mai balangu, da mai soya doya da ƙosai a bakin titi. Matan kudancin jihar da na Filato suka kawo gwate da acca da burkutu. Ibo suka kawo farfesun kan akuya. Yarabawa suka zo da alale da amala. Bahaushe ya riƙe wuta da nama, ya riƙe yajin ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro, ita cittar ma ta Kachia da ƙasar Jaba ce. Ba wanda ke zama ya ci tuwo da miya har ya miƙe ƙafa. Tsinke biyu a nan, kofin shayi a can, kwanon farfesu a gaba, ana tafe ana hira. In akwai abin da ya yi kama da yawon tapas a ƙasar Hausa, to wannan ne, kuma ba wanda ya kwaikwayo shi daga ko'ina. Jadawalin aikin masaƙa ne ya haife shi.

Sai dai akwai bambanci babba, kuma shi ya fi shafar masu rubuta soyayya. A Sifaniya miji da mata ke fita tare. A al'adarmu tsire abin da maigida ke shigowa da shi ne da dare, a ƙunshe cikin takarda, a tashi uwargida daga barci a ci a ɗaki, yara su ji ƙamshi da safe su yi ta tuhuma. Mace mai aure ba ta tsayawa gaban tukuba. Don haka 'yar Hausawan Kakuri ta shekarun 1970 tana ganin maƙwabciyarta Bajju ko Bayarabiya ta bi mijinta shan farfesu ranar albashi, ita kuma tana jiran ƙunshi. Ban ce ɗaya ta fi ɗaya jin daɗi ba. Cewa na yi a tsakar gida ɗaya suke, famfo ɗaya suke layi, kuma duk wanda ya iya rubuta hirar matan nan biyu da safen ranar ya sami littafi. Fitar ma'aurata Hausawa cin abinci waje sabon abu ne, bai wuce zamaninmu ba. Ni da kaina da muka tsaya gaban mai tsire a Barnawa sai da na ja da baya, Malam ya ce, "Hajiya, matso mana, ba wanda ya san ki a nan." Na ce, "Malam, ai shi ya sa."

Faɗuwar ba rana ɗaya ta zo ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar kamfani ya yi wuya, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa da araha. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shiga shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa sun mutu ba su karɓa ba. United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007. Mun bi ta gaban ƙofofin nan da hantsi. Ba abin da mai yawon buɗe ido zai ɗauka a hoto: katanga doguwa, fenti ya koɗe, itatuwa sun fito ta cikin rufi. Malam bai ce komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Daga nan muka shiga kasuwar Monday ta Kakuri, wadda ke ci duk Litinin, inda na sayi atamfa na juya bakinta na ga ba a ƙasar nan aka yi ta ba, ga masaƙa a bayan katanga.

Kafin masaƙun su gama mutuwa gari ya riga ya tsage. A watan Fabrairun 2000 rikici ya ɓarke kan batun shari'a, ya sake tashi a watan Mayu, mutane fiye da 1,000 suka rasa rayukansu. A Nuwamban 2002 aka yi na gasar sarauniyar kyau ta duniya, fiye da 200 suka mutu, wata uku kacal bayan malaman addinan biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka yi wa ɗawainiya. A 2011 na bayan zaɓe ya ƙara. Kowane karo sai a ga motocin kaya a kan gada, Musulmi na yin arewa, Kirista na yin kudu, ana sayar da gida a wulaƙance ko a yi musaya. Har aka kai ana yi wa arewacin kogi laƙabi da Makka, kudu kuma Kudus, ana faɗa kamar wasa. Gidan su Malam a 2000 suka tashi. Ƙanwarmu mai labarin Sifaniya bayan haka aka haife ta, ita a wurinta kogin nan tun fil azal iyaka ne.

Ba iyaka ba ne, ko a yau. Akwai Hausawa da masallatai a Kakuri da Maƙera da Nasarawa, Barnawa kuwa har yanzu a cakuɗe take. An ƙara gadoji, akwai ta hanyar Yakowa, mai sunan gwamna Patrick Yakowa da ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Disambar 2012, akwai wadda ta haɗa Kabala da Barnawa. Mai son abin kallo irin na littafi yana iya bin hanyar Kachia ya wuce matatar mai zuwa Kajuru, inda wani Bajamushe ya gina gidan dutse mai hasumiya a kan tsauni cikin shekarun 1980, amma sai ya tambayi lafiyar hanya tukuna. Mu ba mu je ba.

Daren biyu muka yi yawonmu sosai. Muka fara da masa da yaji wurin wata mata bayan magariba. Muka matsa wurin gasasshen kifi, inda tarwaɗa ke iyo a baho, ka nuna wadda kake so a kama a gasa maka da albasa da attarugu. A nan fa sai an faɗi gaskiya: tebur na kusa da mu kwalabe ne a kai, kiɗa na tashi. Mai wurin, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Mama, da ta ga hijabina ba ta ce komai ba, ta sa yaro ya ɗauke mana tebur zuwa gefe, ta aiko da zoɓo mai sanyi. Da Malam ya tambayi wanda ya yanka kajin da ke kan wuta, ta nuna wani saurayi mai hula ta ce, "Ɗan'uwanku ne, shi yana yanka mana tun da." Ku lura da Hausar. Ku lura kuma ba ta ji haushin tambayar ba, ta saba jin ta. A garin da Kirista da Musulmi ke cin nama ɗaya, tun zamanin masaƙa an bar wa Musulmi wuƙa, kuma wannan tsarin ya tsallake duk rikicin da aka yi.

Muka ƙare a wurin mai tsire. Mutum bakwai na ƙirga a gaban tukubar: wasu 'yan mata biyu da gashi a buɗe, wani mai sarƙar gicciye a wuya, ɗan acaɓa, wani soja cikin farin kaya da aka gane shi daga aski, da mu. Kowa ya miƙa hannu an ɗora masa ɗanɗano a bakin wuƙa. Mai tsiren dattijo ne, Hausarsa ta Sakkwato ce ba ta gauraya ba. Malam ya gaishe shi, "Baba, an daɗe a nan?" Ya ce tun yana yaron wani a ƙofar masaƙa. Malam ya faɗi layin da gidansu yake. Tsohon ya dakata da yanka, ya dube shi, ya ambaci sunan wani mai shayi da ke bakin layin. Malam ya ce shi ne, a wurinsa mahaifinsu ke karyawa in ya yi aikin dare. Tsohon ya ce ya rasu a rikicin farko. Ya ci gaba da yanka albasa, ya naɗe mana naman, ya ƙara tsinke ɗaya a kai ya ce na Hajiya ne.

Na mayar wa ƙanwarmu labarinta da gyaran da na yi, na kuma rubuta mata sunayen wuraren nan a ƙasa, na ce kasuwar ranar Litinin take ci, daga gidansu bai fi kuɗin keke-napep biyu ba. Ta amsa da cewa za ta tambayi maigidanta, shi ma bai taɓa zuwa ba.